Ƙananan Hanyoyin Hantar Bridie

Shekarar da ruwan dam ya ja baya, har kututturan itatuwan da ya haɗiye tun zamanin kakanni suka fito fili, ita ce shekarar da Janelle ta samu ciki. Mijinta, Kelvin Dowd, ya haura arba'in, ita ma ta kusa, kuma sun daɗe da daina zancen haihuwa. Ɗakin da suka taɓa shafa wa fenti don jariri ya koma ma'ajiyar maganin tumaki da tsofaffin takalma. Ranar da likita ya tabbatar musu, Kelvin ya yi ta tuƙi har suka fita daga garin Yass. Can ya tsayar da a-kori-kura a gefen titi, ya kifa kai a sitiyari, yana dariya hawaye na zuba.

Sai dai fari bai san ana murna ba. Makiyayarsu ta koma jar ƙasa, tumaki suna bin inuwar shingen waya suna lasar duwatsu. Wuri ɗaya kawai ke da ɗanyen abu, wato bakin dam, inda ruwa ya janye ya bar laka, wata gajeriyar ciyawa mai ja-ja ta fito ta shimfiɗu kamar darduma. Kelvin ya yi abin da maƙwabtansa suka yi. Ya buɗe ƙofar waya, ya kora tumakinsa masu ciki zuwa can. Janelle ce ke tuƙa motar a hankali a bayan garken, cikinta na gogar sitiyari, shi kuma yana ƙasa da karnuka.

Da sanyi ya shigo tumakin suka haihu. 'Ya'yan suka miƙe, suka sha nono, suka yi ta tsalle kamar kowace shekara. Bayan 'yan makonni sai wasu suka fara zama a baya. In Kelvin ya kama ɗaya ya buɗe idonsa, sai ya ga farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Kashinsu kuwa fari ne, kamar an kwaɓa farar ƙasa.

Trevor, likitan dabbobi, tsohon abokin Kelvin tun makarantar firamare, ya zo ya buɗe cikin guda biyu da suka mutu a bayan mota.

"Matso ka gani," in ji shi, yana nuni da bakin wuƙa. "Ga hanta. Nan ya kamata a ce akwai hanyar da ruwan matsarmama ke bi ya sauka hanji. Ka gan ta? Babu. Zare kawai ya rage. Ruwan ya rasa mafita, ya koma cikin jini. Ciyawar bakin dam ce, abokina. Uwar ta ci, ita lafiya lau, ɗan da ke ciki ya kwashi abin. An taɓa gani a nan a wani farin, babanka ma ya gani."

"To me ake yi musu?"

Trevor ya goge wuƙar a wandonsa. "Ba a yi musu komai."

Maganar nan ta zauna a kan Kelvin daram. Bai ɗauko bindiga ya harbe marasa lafiyan ba, don shi da mahaifinsa ba sa raba tunkiya da ɗanta yana da rai. Wadda aka ƙwace wa ɗa, kwana da kwanaki take yi tana bin waya tana kuka har muryarta ta dushe. Wadda aka bar mata kuwa, tana lasarsa, tana ba shi nono, ranar da ya kwanta bai tashi ba ta shinshine shi ta gane da kanta. A ganin Kelvin wannan shi ne tausayi. Haka ya bar su, kowace safiya yana zagayawa yana kwashe waɗanda suka mutu.

A ƙarshen sanyin aka haifi Bridie. Ta zo da baƙin gashi cunkus da murya mai ƙarfi, ta kama nono kamar wadda aka daɗe ana ja wa rai. Merle, mahaifiyar Janelle, ta taso daga garinsu da akwatinta da gwangwanin biskit, ta tare a gidan.

Ciwon shawara ya ɗan kama jaririyar tun makon farko. Kowa ya ce ba komai, kusan kowane jariri yana yi. Da aka ga ba ta wuce ba, Merle ta ce ta nono ce, Janelle ma haka ta yi tana jaririya, a dinga ajiye ta kusa da taga tana shan hantsi. Yarinya tana ci, tana ƙiba, tana barci. Wa zai ce ba ta da lafiya?

Wata safiya Janelle na wanka, Kelvin ya kwance wa Bridie ƙunzugu. Yana buɗewa hannunsa ya tsaya. Kashin ba irin mai launin ƙwanduwar ƙwai ba ne da ya saba gani a kwanakin farko. Ya koɗe, ya yi fari-fari. Fitsarin da ya jiƙa ƙunzugun kuma ya yi duhu kamar shayi. Ya ɗaga ta zuwa taga, ya ɗan ja fatar idonta da babban yatsa, kamar yadda ya yi wa 'yan tumaki ba adadi a watannin nan. Bridie ta dube shi, ta yi hamma.

Ya tuna Janelle a cikin mota a bakin dam, gilashi a buɗe, ƙurar ciyawar na shiga. Ya tuna Trevor na goge wuƙa. Daga banɗaki kuma yana jin muryar matarsa tana waƙa, ita da ya yi shekaru bai ji ta rera komai ba.

Ya naɗe ƙunzugun, ya fita da shi, ya jefa a ramin da yake ƙona shara.

Tun daga ranar Kelvin ya karɓe aikin ƙunzugu. Kafin ya fita da safe shi zai canza. Da rana ya dawo sau biyu sau uku, wai ya zo shan ruwa. Bridie na motsawa zai ce, "Kawo ta, ki huta." Wanda Janelle ta canza da kanta ba ta ga wani abu a ciki ba, don ba ta taɓa raino ba, kuma launin a hankali ya yi ta koɗewa. Merle kuwa idonta ya yi rauni, ga ta da ƙin sa tabarau.

"Yau na ga ikon Allah," in ji Merle wata rana, tana zuba shayi. "Kelvin Dowd, mutumin da bai san inda tukunya take a gidansa ba, shi ne ya zama unguwarzoma. Ni marigayi mijina ko da wasa bai taɓa ƙunzugu ba. In yaro ya yi kashi, sai ya tuna akwai wayar da ta tsinke a ƙarshen gona."

"Mama, ƙyale min miji," Janelle ta ce tana dariya. "Tsufa ne ya zo masa da hankali."

"Ai kashin tumaki ya saba sheƙa, wannan turare ne a wurinsa."

Kelvin ya yi murmushin da ya iya. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya je bayan rumfar askin tumaki ya tsaya, hannu a kan ƙarfe, har numfashinsa ya daidaita.

Ba wai bai so ya faɗa ba. Sau da yawa maganar tana zuwa har bakinsa. Sai ya ga Janelle zaune a kujerar taga, Bridie a ƙirjinta, hantsi a kansu, tana lissafa mata sunayen karnukan gidan. Sai ya ce a ransa, in babu abin da za a yi, me zai sa ya ƙwace mata waɗannan kwanakin? Gara ta sha daɗinsu. Shi zai riƙe abin shi kaɗai, ai ya saba. Ranar da za a kai yarinya awo a gari kuma ta faɗo daidai lokacin aski, ga masu aski sun zo, ga girkinsu. Janelle ta ce a ɗaga zuwa wani mako. Kelvin ya ce to, a ɗaga. Ya rame, abinci ya daina shigarsa. Kowa ya ɗauka fari ne da asarar tumaki.

Bridie ta kusa wata uku ranar da ya kai ragowar tsofaffin tumakinsa kara, kasuwar dabbobi. Ana cikin hayaniyar dillalai ya hango Trevor jingine da shinge, yana cin burodi mai nama, miya na ɗiga a rigarsa.

"Kai, uban jariri! Ka ga yadda ka koma? Kamar sandar shinge. Yarinyar ce ke hana ka barci, ko Merle?"

"Duka biyun," in ji Kelvin. Ya jingina kusa da shi. Suka yi zancen farashi, suka yi zancen hadarin da ke taruwa kullum ya watse. Can Kelvin ya ce, idonsa na kan tumaki, "Abin nan na 'yan tumakina. Har yanzu ba a samo masa magani ba?"

"Wa zai nema? Ɗan tunkiya nawa yake? Wa zai kwantar da shi a yi masa tiyata ta awa da awanni?" Trevor ya gutsuri burodi. "Ai ba mutum ba ne. Jariran mutane in an haife su da irinsa, aiki ake yi musu a Sydney. Su yanko hanji su jona shi da hantar kai tsaye. Ƙanwar matata nas ce a can, ita ta ba ni labari. Amma wai sai an yi maza, tun cikin makonnin farko. In aka bari ya daɗe, hantar ta riga ta..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskar Kelvin.

"Kel? Lafiya? Kai, Kel!"

Kelvin ya bar tumakinsa a kara ba tare da ya san wa ya saye su ba. Bai tuna yadda ya tuƙo motar ba. Abin da ya tuna shi ne ya tarar da Janelle tana shanya kayan jaririya a igiya, maƙalan shanya a bakinta.

"Ɗauko Bridie. Asibiti za mu."

Ta cire maƙalan daga baki. "Me ya faru? Barci take yi."

"Kashinta fari ne, Nell. Idonta... Irin na 'yan tumakin ne. Ana yin aiki. Ban sani ba ana yi. Yanzu Trevor ya gaya min."

Ta tsaya tana kallonsa, rigar jaririya a hannunta tana ɗigar ruwa. Janelle mace ce mai saurin fahimta. Ya ga lokacin da abin ya haɗu a kanta.

"Tun yaushe ka gani?"

Ya faɗa mata.

"Shi ya sa kake karɓe ta."

"Na ɗauka babu magani. Na ce kada in..."

"Kada ka me? Ni tunkiya ce, Kelvin?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta saki rigar a ƙasa, ta shiga gida, ta fito da yarinya a zane. Ta zauna a kujerar baya, inda ba ta taɓa zama ba.

A asibitin gari nas ta dubi ƙunzugu sau ɗaya, ta ɗauki waya. Kashegari suna Sydney, a asibitin yara, inda aka yi ta ɗibar jini da ɗaukar hoto. Likitar da za ta yi aikin sunanta Farrugia, wata gajeriyar mace mai furfura, mai magana a hankali. Ta zaunar da su a wani ƙaramin ɗaki, ta tambayi Kelvin sana'arsa. Da ya faɗa, ta gyaɗa kai.

"To ka san yadda ruwa ke sauka daga tudu. Ƙananan ƙoramu su haɗu su zama rafi, rafuka su haɗu su zama kogi. Haka cikin hanta yake. Akwai hanyoyi ƙanana, sun fi gashi siranta, ba su ƙirguwa. Suna haɗuwa suna girma, har su zama babbar hanya guda da ta fito waje ta shiga hanji. Kowace hanya an yaɓe cikinta da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake shafe cikin rijiya da siminti. Da ana ɗauka duk iri ɗaya ne. Ba haka ba ne. Na manyan hanyoyi dogaye ne, su ke yawancin aikin tsarma ruwan matsarmama, kuma su cuta ta fi saurin kayarwa. Na ƙananan hanyoyi 'yan mitsi-mitsi ne, sun fi juriya, har sukan hayayyafa su yi ƙoƙarin cike gurbi in manyan sun lalace. Babbar hanyar Bridie ta tafi, ba za ta dawo ba. Fatanmu yana kan ƙananan. Zan yanke abin da ya mutu, in ɗinka hanji a bakin hantar, ko za su zubo a ciki."

"Suna da rai?" Janelle ta tambaya.

"Ban sani ba tukuna. Juriyarsu tana da iyaka. Ruwan da ya rasa mafita yana ƙona su kullum, inda ya ƙone kuma tabo ke fitowa ya shaƙe wurin. Shi ya sa muka fi son mu yi aikin da wuri."

Kelvin ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi maganar ciyawar bakin dam, da motar, da ƙurar. Likitar ta saurare shi har ya gama.

"Na san labarin ciyawarku. Masu bincike sun duba ta, sun ga gubarta tana cin ƙwayoyin hanyar waje ta ƙyale na ciki. Amma a dabbar da uwarta ta ci ciyawar ta ƙoshi ke nan. Matarka ba ta ci ba. Ina ganin jarirai masu wannan ciwo daga tsakiyar birni, waɗanda iyayensu ba su taɓa ganin tunkiya ba. A mutum ba mu san abin da ke kawo shi ba. Wannan kam ka sauke shi daga kanka."

Ya so ya ji sauƙi. Amma kaya biyu ya shigo da su ɗakin, kuma mara nauyin aka sauke masa.

Aka yi aikin. Bridie ta fito da bututu a hanci da wani a hannu, da dogon ɗinki a ƙarƙashin haƙarƙari. Likita Farrugia ta ce ta tarar da hantar ta yi tauri fiye da yadda take so, amma ta ga 'yan ƙofofi a bakinta, sai a jira. Alamar da za a duba guda ce. In ƙananan hanyoyin sun buɗe, kashin zai yi kore ko ruwan ɗorawa.

Suka koma masu gadin ƙunzugu su biyu. Duk lokacin da Bridie ta yi yunƙuri, sai su miƙe tare. Janelle ce ke kwancewa yanzu, ba ta bari ya taɓa. Ta kai ƙunzugun taga, ta karkata shi ga haske, shi yana bayanta yana leƙe. Wata nas mai barkwanci, 'yar tsibirin Tonga, takan ce musu, "Ni dai ban taɓa ganin masu jiran kashi kamar ana jiran albashi ba sai a wannan ɗaki." Janelle takan yi mata murmushi. Da Kelvin kuwa maganarta ba ta wuce miƙo wannan, kira nas, je ka ci abinci.

Wata rana da hantsi suka ga ɗan zirin kore a gefe guda. Janelle ba ta san lokacin da ta kama hannun rigarsa ba. Suka kira nas, nas ta kira wata, har aka ɗauki hoto a waya aka aika wa Merle, wadda ta zauna a gonar tana lura da karnuka tare da wani maƙwabci. Ranar Kelvin ya ci abinci har ya ƙara.

Na gaba ya fito fari. Na bayansa ma haka. Suka yi ta dubawa har makonni suka shige, koren bai sake dawowa ba. Idon Bridie ya ƙara rinewa, cikinta ya kumbura ya yi sheƙi, hannuwanta suka sirance. Ta koyi murmushi a cikin wannan hali, tana yi wa duk wanda ya leƙo gadonta, har mai shara.

Likita Farrugia ta sake kiransu ƙaramin ɗakin nan.

"Ba su buɗe ba," ta ce. "Tabo ya riga ya rufe su. Hantar nan ba za ta kai ta ba. Sai dashen wata hantar."

Janelle ba ta yi kuka ba. Ta dubi likitar ido cikin ido. "Ina so ki gaya min gaskiya a gabansa. Da mun kawo ta tun tana 'yar wata ɗaya, da ya yi?"

Kelvin ya sunkuyar da kai.

"Da damarta ta fi haka yawa," in ji likitar. "Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yi wa waɗanda aka kawo da wuri aiki bai yi ba, kusan rabinsu ma daga baya sai an yi musu dashe. Ba zan iya rantse miki da ɗaya daga biyun ba."

Amsar ba ta wanke shi ba, ba ta kuma kashe shi ba. Ta bar shi a tsakiya, inda zai zauna har ƙarshen ransa, kuma ya san haka tun kafin su fito daga ɗakin.

Aka sa sunan Bridie cikin masu jiran hanta. Aka ce musu jiran yana iya tsawo, ita kuma ba ta da ƙarfin dogon jira, amma ana iya yankar wani ɓangare daga hantar uwa ko uba. Likitar ba ta rufe baki ba Kelvin ya miƙe yana naɗe hannun riga, kamar a nan take za a yanka. A kwanakin gwajin ya dawo mutum. Ya bi duk abin da aka ce, ya sha abin da aka ba shi, ya kwanta a cikin na'urar hoto ko motsi bai yi ba. A ransa yana cewa su ɗebi rabi, su ɗebi duka in suna so.

Sakamako ya fito. Jijiyoyin jinin hantarsa sun rabu ta wata irin hanya da ba za a iya yanka ba tare da an jefa shi da yarinyar cikin haɗari ba. Haka aka halicce shi, ba laifin kowa ba ne. Ya roƙi likitan da ya kawo labarin, ya ce shi ya yarda da haɗarin, a kawo takarda ya sa hannu. Likitan ya ce ba a yin haka.

Ta Janelle ta dace.

Ranar da za a kwantar da ita, da yamma, suna zaune a bakin gadon Bridie. Ita a babban asibitin manya za a yi mata nata aikin, can wani gefen birni, a ɗauko ɓangaren hantar a mota a kawo nan. Jakarta na ajiye a bakin ƙofa. Merle ta zo daga gona, tana jiranta a ƙasa. Bridie ta kama ɗan yatsan uwarta tana ƙoƙarin kai shi baki.

"Da ni ne," Kelvin ya ce. "Ni ya kamata a yanka, Nell."

"Na sani. Ba kai ba ne."

"In raka ki can, in ya so in dawo da gudu?"

"A'a. Mama na tare da ni. Nan za ka zauna." Ta zare yatsanta a hankali, ta gyara wa yarinyar zane. Sannan ta juyo ta dube shi sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ya ga yadda ita ma ta tsufa a watannin nan. "Saurare ni, Kel. Gobe ni ina barci, ita ma tana barci. Kai kaɗai ne idonka biyu. Ban yafe maka ba tukuna, ban san ko yaushe ba, kada ka tambaye ni. Amma ba ni da wani idon sai naka. Duk abin da ka gani, duk abin da suka ce maka, ina farkawa ka gaya min. Ko mene ne. Ko da shi ne mafi muni. Kada ka zaɓar min."

"Zan gaya miki."

"Ko Mama ta ce ka bari in warware tukuna."

"Zan gaya miki, Nell."

Ta sunkuya ta daɗe da bakinta a goshin Bridie. Da ta ɗago, sai ta ɗauki yarinyar da bututunta da komai, ta sa masa a hannu, ta gyara masa gwiwar hannu a ƙarƙashin kanta. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta waiwayo ba, yana jin takunta har ya ɓace a doguwar barandar.

Bridie ta bi ƙofar da ido, bakinta ya fara rawa. Kelvin ya rungume ta a ƙirji yana jijjigawa, yana cewa, "Ga Baba, ga Baba, 'yar tsuntsuwata." Ba ta da nauyi ko kaɗan. Nas ta leƙo ta ce daga yanzu ba za a ƙara ba ta madara ba sai bayan aiki, in ta yi kukan yunwa sai dai ya yi ta zagayawa da ita. Ya ce to. Ya miƙe, ya ja ƙarfen da aka rataya ledar ruwa da ɗaya hannun, ya fara tafiya daga gado zuwa taga, daga taga zuwa gado.